Rudun Albasa da Akwatin Wasa

Hausawa na cewa kowa ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Ni dai na ƙi ji, na kuwa gani, kuma abin da na gani ɗin ne nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai labari a wannan fitowa ta mujallarmu. Wanda ya dubi kan maganar ya ga an gwama albasa da akwatin wasan yara, wataƙila ya ce zafin bazara ya taɓa wannan ɗan Wurno. To, zafin bazara kam shi ne tushen zancen, sai dai ba kaina ya taɓa ba, jarina ya taɓa, da dukiyar mahaifiyata.

Ni haifaffen Wurno ne, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi, ya kuma rasu a cikinsa a shekarar 1837. Abin da muke taƙama da shi bayan hubbare, shi ne fadama: shinkafa da albasa da tafarnuwa. Ambaliyar 2010, wadda ta biyo gulbin Rima har ta karya gadar da ke kai mutum mazaunin jami'a na dindindin a Sakkwato, ta tafi da shinkafar gidanmu gaba ɗaya, kuma mun daɗe ba mu miƙe ba. Saboda haka da na gama sakandare ban sami shiga jami'a a karon farko ba, sai na ga zaman jiran shekara ba zai yi ba, dole in nemi abin da zan tara kuɗin rajista da kaina.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, wanda muka tashi tare. Shi ya kawo shawarar mu buɗe gidan gem. Ya ji labarin wani mutumin Rabah da ya dawo ci-rani daga Ikko da akwatunan wasa guda biyu, irin waɗanda ake saye na hannu a kasuwar Alaba, yana neman mai saye. Taubashina ya sayar da ragowar albasarsa. Ni kuwa Inna ta ba da tumakinta biyu aka kai kasuwar Acida, ta ce ba kyauta ba ce, rance ne. Muka hau babur muka tafi Rabah, garin da aka haifi Sardauna, muka dawo da akwatuna biyu da hannuwa huɗu a cikin buhu.

Bari in bayyana wa malamanmu da ba su yi zamanin abin ba. Sunansa PlayStation 2, ƙirar kamfanin Sony na Japan. An fara sayar da shi a shekarar 2000, an sayar da fiye da miliyan 150 a duniya, kuma daidai lokacin da muka saya kamfanin yana daina ƙera shi. Iri biyu ne, akwai mai kauri na farko, akwai siriri da ya fito a 2004. Namu masu kauri ne, baƙaƙe, kowanne da 'yar fanka a bayansa. Ana haɗa shi da talabijin, yara biyu su riƙe hannuwa su buga ƙwallo. Wasan da aka fi so shi ne Pro Evolution Soccer na kamfanin Konami, wanda yara suka gajarta suna ce masa fes. Muka kama wani shago mai rufin kwano a bakin hanya, muka sayi ƙaramin janareta na hannu, muka sa naira 20 kowane wasa.

Da kaka muka fara, muka shiga hunturu, ciniki sai hamdala. Abin da ya fara damunmu shi ne ido, watau ɗan gilashin nan da ke karanta faifai. Ƙura da tsufa da faifan kofi sun gajiyar da shi, sai a sa faifai ya yi ta juyi ya ƙi kamawa. Aka ce mana akwai dabara. Ana sa wata manhaja da ake kira Free McBoot a cikin memori, sa'an nan a cusa rumbun ajiya irin na kwamfuta a wani gurbi da masu ƙirar suka bari a bayan akwatin mai kauri, a zuba wasanni a ciki, shi ke nan an huta da faifai. Na ɗauki akwatunan na kai Sakkwato aka yi musu wannan aiki. Murna ta hana ni tambayar abin da ya kamata in tambaya, watau shi wannan rumbu da aka ƙara, mai juyawa dare da rana, ina zafinsa zai tafi?

Amsar ta zo a watan Afrilu. Duk wanda ya yi bazara a ƙasar Sakkwato ya san abin da nake nufi, ma'aunin zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin kwano, ga yara goma sha sun cika shago, ga talabijin biyu masu ƙeya suna nasu huci. Da rana ta take, sai a ga hoto ya fara kakkaryewa, 'yan wasa su yi wasu irin ƙahoni, sa'an nan komai ya ƙame cak. In aka taɓa bayan akwatin kamar an taɓa murfin tukunya. Yaro ya biya kuɗinsa, yana cin abokinsa biyu da nema, abu ya ƙame, to wa zai raba wannan shari'a? Kullum sai mun mayar da kuɗi, wasu yaran kuma suka fara ɗauke ƙafa.

A kwanakin nan ne kawuna, mahaifin taubashin nawa, ya biyo ta shagon zai tafi wajen da yake kafa rudu. Rudu shi ne rumbun albasa. Ana kafa gwafanni, a shimfiɗa itace da kara a kai yadda albasa ba za ta taɓa ƙasa ba, a kewaye da kara, a yi jinka a sama. A nan ake ajiye albasar da aka cire da rani har lokacin da za ta yi daraja. Kawu ya leƙo, ya ga akwatunan a cikin wani kabad da na sa aka yi musu don tsoron ƙura da hannun yara, an manna bayansu da bango. Ya ɗora hannu, ya janye, ya ce, "Kai ɗana, wanga abu naku iska shika so. Ko albasa in ka toshe mata iska ruɓewa takai."

Na ce, "Kawu, wanga ba albasa na ba, na'ura ta."

Ya ce, "To, madalla," ya saɓa gatarinsa ya wuce. Ni kuwa a raina na ce, mutumin da bai taɓa riƙe hannun gem ba, me ya sani? Ai ni na yi kimiyya a sakandare.

Ga kimiyyar tawa. Na ce maganin zafi sanyi, sanyi kuwa ba wanda ya kai ƙanƙara. Na riƙa sayen ƙanƙara wajen masu sayar da ruwan leda, in ƙulle ta a leda in ɗora a kan akwati ɗaya, wata in jingina a gabansa. Kwana biyu abin ya yi kamar ya yi aiki. A rana ta uku, lokacin hadari ya fara haɗuwa, iska ta yi nauyi, ledar ta yi ta gumi irin wanda kwalbar lemo mai sanyi take yi, ga kuma ɗan huji da ban lura da shi ba. Ruwa ya bi gefen akwatin ya gangara ta ramukan iska. Abin da ban yi tunani ba shi ne, akwati mai kauri a cikinsa ne ake sarrafa wuta, watau wutar nan mai ƙarfin bolt 230 har ciki take shiga. Sai muka ji fas! Wari ya tashi, janareta ya yi wani irin nishi. Wani yaro ɗan shekara tara da ke zaune a ƙasa, ƙafarsa cikin ruwan da ya ɗiga, ya yi tsalle ya yi waje. Allah ya kiyaye, ba abin da ya same shi, amma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Taubashina ya zo ya tsaya a kan gawar akwatin, ya ce, "Sannu injiniyan ƙanƙara. Wanga na Inna na ka kashe, ko nawa?" Wasa ne irin na taubasai, amma akwai magana a cikinsa, domin rabin jarinmu ke nan ya tafi. Kwana uku ba mu ci abinci kwano ɗaya ba. Da na gaya wa Inna, ta yi shiru, sa'an nan ta tambaye ni ɗan wa ne yaron, ta yafa mayafi ta tafi gidansu ta ba da haƙuri. Ba ta yi mini zancen tumaki ba, wannan kuwa ya fi mini zafi a kan ta yi faɗa.

Mai karatu zai zaci na hankalta. Ina! Sai na koma kan akwatin da ya rage da wata sabuwar dabara. Na sami tsohuwar fankar kwamfuta, na gasa wuƙa na yanke robar akwatin ta baya kusa da fankarsa ta asali, na ɗaura tawa tana hura iska ciki. Na ce fanka biyu ta fi ɗaya. Ƙara ta ƙaru, yara suna cewa jirgi zai tashi, amma ƙamewa ba ta fasa ba, har ma ta riƙa zuwa da wuri. Ganin haka taubashina ya ce ko dai mu kai wa wanda ya iya, ko a raba jari kowa ya kama gabansa.

Aka kwatanta mana wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin a Goronyo, garin da aka datse gulbin Rima da babbar madatsar nan da aka gama a 1984. Muka tafi ranar kasuwa, lokacin hanya lafiya lau, ba a fara fargabar da ta zo daga baya ba. Muka same shi a wata 'yar rumfa, gabansa tulin matattun rediyoyi, ga ƙarfen narka dalma a kan garwashi. Ya juya akwatin, ya dubi ramin da na yanka, ya ce, "Samari, wa yay yi wanga aiki?"

Na ce, "Ni na, Malam."

Bai yi dariya ba. Ya sa aka tayar da injin maƙwabcinsa, ya kunna akwatin, sa'an nan ya kunna turaren tsinke ya kawo shi kusa da bayan. Muka ga hayaƙi ya bi iskar da fankar asali ke fitarwa, bai yi nisa ba sai tawa fankar ta fizgo shi ta mayar ciki. Ya kai turaren gaban akwatin, inda ramukan shan iska suke, hayaƙi ya miƙe sama abinsa, ba abin da ya ja shi. Ya ce, "Ka gani? Wagga ta hidda zahi, taka ta maido shi. Hwanka ba ta da sanyi nata na kanta, 'yar dako ta. Ta ɗauki zahi nan ta kai shi can. In ba ka ba ta ƙohwar shiga da ƙohwar hita ba, ina za ta kai kaya?"

Daga nan ya cire wuta, ya ce mu ɗan jira, domin akwai wasu 'yan gwangwanaye a ɓangaren wutar da ke riƙe ta ko bayan an zare waya. Ya kwance murfin a hankali, yana nuna mini wata siririyar waya mai kama da zaren kaset da ke haɗe da maɓallan kunnawa, wadda masu gaggawa kan tsinke. Abin da na gani a ciki ya ba ni kunya. Ƙurar hunturu gaba ɗaya tana nan, ta haɗu da zare da gashi ta zama kamar bargo, ta toshe ramukan gaba, ta cike tsakanin haƙoran ƙarfen da ke shan zafi. Watau duk watannin nan fankar tana juyi ne a banza.

Ga abin da ya yi, bi da bi, ko Allah ya sa ya amfani wani. Da farko ya share ƙurar da tsohon buroshin haƙori da gashin kaza, ya hure sauran da famfon keke, yana dafe da fankar da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Na biyu, ya ɗaga farantin ƙarfen da ke rufe da allon na'urar, ya nuna mini manyan ƙwaƙwalen nan biyu, mai lissafi da mai zana hoto, waɗanda su ne murhun gidan. Tsakaninsu da ƙarfen akwai wata 'yar shimfiɗa mai laushi kamar cingam, aikinta ta cike gurbi ta miƙa zafi daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙarfe, domin iskar da ta maƙale a tsakani ba ta miƙa zafi sosai. Tamu ta bushe ta farfashe. Ya nemo wata daga cikin tarkacensa, ya gwada kauri da kauri, ya ce in ta cika siriri ba za ta taɓa ba, in ta cika kauri za ta lanƙwasa allon. Na uku, ya cire fankata, ya liƙe ramin da na yanka da guntun roba, don iska ta koma bin hanyar da aka tsara mata: ta shiga ta gaba, ta ratsa ƙarfe da ɓangaren wuta, ta fita ta baya. Ya ce haka nan masu cire murfi gaba ɗaya suke kuskure, domin fanka takan ja iskar da ta fi kusa da ita ne, ta bar lungunan da ke can nesa suna dahuwa. Ya ɗiga wa fankar asali ɗigon man keken ɗinki, ya mayar da komai. Da ya sake kawo turare gaban akwatin, sai ga hayaƙi yana shigewa kamar ana zuƙa.

Da za mu tafi ya tambaye mu inda muke ajiye shi. Da ya ji zancen kabad da shagon kwano, ya girgiza kai, ya ce shi ya gyara abin da ke ciki, na waje kuwa sai mu. Hujjarsa ita ce fanka ba ta iya sanyaya abu fiye da iskar da aka ba ta. Daga baya na ga takardar da kamfanin ke haɗawa da akwatin, an rubuta a yi amfani da shi a wurin da zafinsa ke tsakanin digiri 5 da 35. Ashe tun daga Maris har saukar damina, da rana, garinmu gaba ɗaya ya fita daga lissafin masu ƙirar. Kuma kada a zaci mu kaɗai zafi ya kayar. A 2007 kamfanin Microsoft na Amurka ya ware fiye da dala biliyan 1 don gyaran akwatinsa Xbox 360, wanda yawan ɗumama da hucewa ke tsattsage masa dalma. Su da injiniyoyinsu ke nan, balle mai ƙanƙara a leda.

A kan hanyarmu ta komawa, muna wuce rudu bayan rudu a bakin fadama, sai maganar Kawu ta dawo mini. Albasa ko an cire ta tana da rai, tana numfashi, tana fid da ɗumi da laima. Shi ya sa ake ɗaga ta daga ƙasa iska ta shiga ta ƙarƙashi, a yi bango da kara iska ta ratsa, a yi jinka don rana, kuma ba a tsuga ta da yawa wuri ɗaya. Ba wanda ya taɓa ɗora wa rudu ƙanƙara. Duk abin da dattijon Goronyo ya nuna mini da turare, Kawu ya riga ya faɗa mini a jimla ɗaya, na ƙi ji saboda gatari ne a kafaɗarsa ba sukundireba ba.

Da dare na tafi gidansa, na durƙusa na ba shi labari duka. Ya ce, "Ai na san za ka zo." Sa'an nan ya ba mu aron tsohon zaurensa na ƙasa, mai kaurin bango da rufin azara, wanda in ka shiga da tsakar rana sai ka ji kamar an yi maka fifita, domin ginin ƙasa yakan daɗe kafin zafin rana ya ratsa shi. Amma ya kafa sharuɗɗa uku: ba caca, ba yaro a lokacin makarantar allo ko ta boko, kuma a rufe daga azahar sai bayan la'asar. Da farko na ga kamar an rage mana ciniki ne. Ashe sa'o'in da ya hana su ne waɗanda zafi ya fi tsanani, akwatin ya sami hutu, iyayen yara kuma da suke yi mana kallon masu lalata tarbiyya suka sassauta.

Muka yar da kabad. Taubashina ya ƙera wa akwatin ɗan gado na kara mai ƙafafu huɗu, rudu sosai in ban da jinka, muka ajiye shi taƙi biyu daga bango. Muka fitar da janareta can bayan gida. A tagar da iska ke shigowa muka rataya jiƙaƙƙen buhun gwado, nesa da wayoyi, domin ruwa in yana bushewa yakan tafi da zafi, dabarar da ke sanyaya ruwan randa ke nan, kuma ita ce Malam Muhammad Bah Abba na Jigawa ya yi amfani da ita a tukunya cikin tukunya har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Wannan dabara da rani take aiki, in damina ta sauka iska ta jiƙe sai a cire buhun. Kowace Juma'a da safe kuma in bi ramukan iska da buroshi, da dare in lulluɓe shi da ƙyalle bayan ya huce. Daga ranar har na bar gida, ƙamewar da ya yi ba ta fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

Akwati ɗaya ba ya kawo abin da biyu ke kawowa, saboda haka sai da na ƙara da aikin cirar albasa kafin kuɗin rajista su cika. Tumakin Inna kuwa sai a shekarata ta biyu a jami'a na gama biya, ɗaya bayan ɗaya. Akwatin yana nan a ɗakin taubashina, yanzu wayar hannu ta janye yara, 'ya'yansa ne kawai ke bugawa, kuma har gobe in na je hutu da injiniyan ƙanƙara yake tarbata.

Abin da ya sa na ga labarin ya dace da mujallar ƙungiyar Hausa shi ne, dattijon nan ya koya mini yadda zafi ke tafiya daga ƙarfe zuwa iska ba tare da ya ari kalmar Turanci ko ɗaya ba in ban da sunan fanka, kuma na gane a zama ɗaya abin da na haddace shekara uku don jarrabawa ban gane ba. Yanzu ga kwamfutoci da wayoyi da batura na hasken rana sun cika ɗakunan kwananmu, galibinsu an ƙera su ne a ƙasashen da ba su san bazararmu ba. Na sha shiga ɗakin ɗalibi in ga kwamfuta a kan katifa, bargo ya toshe mata hanci, tana ta kuka, mai ita yana zagin wanda ya sayar masa. 'Yan'uwa, kafin a zagi kowa, a ɗaga ta daga kan katifa, a duba ta ina take shan iska, ta ina take fitarwa. Wanda kuma ya je hutu gida, ya daure ya zauna da masu rudu da masu randa da magina, ya ji sunayen da suke kiran abubuwa da dalilan da suke bayarwa, ya rubuto mana. Allah ya ba mu kunnen ji, amin.